Ranar da Aka Kai Sandar Majalisa Tasha

Shekara goma sha tara na yi ina akawun majalisar kansiloli a ƙaramar hukumarmu da ke cikin garin Ibadan. Sunana Bamiji Oyewusi. Aikin ba shi da wani kwarjini: in rubuta abin da aka faɗa a zama, in adana takardu, in kuma riƙe makullin akwatin da ake ajiye sandar majalisa. Sandar ta tagulla ce, ba ta da wani tsawo, amma doka ta ce duk zaman da aka yi ba ta kan tebur, hira kawai aka yi. Ciyamomi biyar na gani sun zo sun wuce, har na ɗauka babu sauran abin da zai ba ni mamaki a gidan nan. Sai aka zaɓi Oladiti Fadeyi.

Fadeyi tsohon shugaban makarantar sakandare ne, dogo, siriri, mai furfura da tabarau. Rabin ma'aikatan sakatariyarmu sun bi ta hannunsa, shi ya sa ko bayan ya hau kujera babu mai ce masa Ciyaman sai a takarda. Baba Tica kowa ke ce masa. Bai taɓa shiga siyasa ba, kuma kowa a garin ya san yadda aka yi ya shigo, ban da shi.

Alhaji Wahabi Ajagbe ne ya kawo shi. Ajagbe shi ne shugaban 'yan tashar motar Ajeja. Bai gama firamare ba, ba shi da muƙami a jam'iyya, sunansa ba ya kan kowace takardar hukuma. Amma shekara ashirin ke nan babu wanda ya zama kansila ko ciyaman a yankinmu bai fara zuwa rumfarsa ya kwanta rub da ciki ya kwashi gaisuwa ba. A shekarar, mutane sun gaji da ɓarayi, sun fara zagin jam'iyya a fili, sai Ajagbe ya ce a nemo fuskar da babu tabo. Aka je har gida aka roƙi Baba Tica. Shi kuma ya yarda da zuciya ɗaya cewa jama'a ce ta kira shi. Ranar rantsuwa ya yi jawabi na kusan awa guda a kan doka da amana, Ajagbe yana zaune a layin gaba yana gyangyaɗi.

Wata takwas aka yi lafiya. Ya gyara rufin asibitin haihuwa, ya sa ana kwashe bola a kan lokaci, ya hana ma'aikata zuwa aiki ƙarfe goma. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya taka wa wani babba ƙafa.

A watan Agusta, wata Alhamis da rana, aka yi ruwan da ya ɗauki awa huɗu bai tsagaita ba. Rafin Ajeja ya ratsa ne tsakanin tasha da kasuwa. Shekaru da suka wuce 'yan tasha sun zuba kankare a kansa sun rufe shi don su sami wurin jera motoci, suka bar wa ruwa wani ɗan kwalbati da ko akuya sai ta sunkuya. Ran nan ruwan ya zo ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya juya ya faɗa gangaren kasuwa. Mutum bakwai suka rasu. Cikinsu har da Mojirade, mai sayar da atamfa, 'yar Iya Sariyu Abeke ta fari. Iya Sariyu ita ce Iyaloja, shugabar matan kasuwar Ajeja gaba ɗaya, tsohuwa ce gajeriya mai sayar da busasshen barkono, ba ta cika magana ba.

Baba Tica da kansa ya shiga laka har gwiwa lokacin da ake ciro gawawwaki. Da ya dawo ofis bai cire takalminsa ba ya kira injiniyoyi. Cikin kwana goma suka kawo masa rahoto da taswira, suka nuna cewa in ba a fasa kankaren an buɗe rafin ba, abin da ya faru zai sake faruwa. Nan take ya sa hannu a kan umarni: 'yan tasha su janye daga kan rafin cikin kwana goma sha huɗu, in ba haka ba hukuma ta rushe.

Ni aka ba takardar in shigar. Da na karanta sai na koma ofishinsa na rufe ƙofa. Na ce masa abin da ya rubuta gaskiya ne, amma ya daure ya je wurin Alhaji Ajagbe tukuna, ko gaisuwa ce ya yi masa, ya faɗa masa da baki. Ya cire tabarau ya dube ni kamar na faɗi jarrabawa.

“Bamiji, na aika masa wasiƙa kamar yadda zan aika wa kowa. Doka ba ta zuwa gaisuwa.”

Na ce to Iya Sariyu fa, tunda 'yarta ce ta rasu, ko ita ya nemi shawararta. Ya ce ya je mata ta'aziyya ranar addu'ar kwana takwas, kuma ba zai dami mace mai makoki da zancen kwalbati ba. Gaskiya ne ya je. Ina cikin ayarin. Ya tafi da motoci huɗu da masu ɗaukar hoto, ya tsaya a tsakar gidanta ya karanta jawabi daga takarda, ita kuwa tana zaune kan tabarma tana kallon ƙasa.

Kwana goma sha huɗu suka cika, ko taya ɗaya ba a janye daga kan rafin ba. Ajagbe bai amsa wasiƙar ba, bai aiko kowa ba, bai yi barazana ba. Wannan shirun ne ya fi tayar min da hankali.

Ranar Juma'a da safe katafilar hukuma ta fita daga harabar sakatariya, motar 'yan sanda tana biye. Baba Tica ya riga su zuwa bakin tasha, da ni da 'yan jarida uku. Muka tsaya muna jira. 'Yan tasha suna ta lodi abinsu, masu kiran fasinja suna kira, babu wanda ya ko dube mu. Ƙarfe tara ta yi, tara da rabi ta wuce, babu katafila. Tafiyar kuwa ba ta fi ta minti ashirin ba. Wajen ƙarfe goma wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Ina tsaye kusa da shi, na ga fuskarsa ta canza, ya ce ta sake faɗa, ta sake faɗa, sannan ya sauke wayar a hankali ya ce min katafila tana gidansa.

A gaban gidansa akwai wani ɗaki mai tsawo da ya gina da kuɗin sallamarsa, ya cika shi da littattafai, ɗaliban unguwa suna zuwa karatu kyauta. Kafin mu isa an gama da shi. Bangon gaba ya kwanta, kwanon rufi ya nannaɗe, littattafai sun watsu cikin kwata. 'Yan sandan da aka ba shi don su raka katafila tasha, su ne a tsaye suna korar mutane baya. Matarsa na zaune a kan wata kujera da ta tsira, ɗankwalinta a hannu.

Direban katafilar, wani magidanci mai tumbi, yana ganinsa ya diro ya kwanta a ƙasa. Ya ce Baba ya yafe masa, shi ne ya koya masa lissafi a aji uku, amma takarda aka ba shi. Ya miƙo takardar. Na karɓa na duba. Hatimin hukumarmu ne, sa hannun shugaban sashen tsara gari ne, kwanan watan da ke jikinta kuma na jiya ne. Ta ce ginin ya ci hanyar gwamnati da taku huɗu. Daga baya na auna da idona, kuma haka ne, ya ci. Rabin gidajen layin sun fi nasa ci.

Na miƙa wa Baba Tica takardar, ya karanta. Ya tambayi shugaban 'yan sandan wa ya canza musu hanya. Mutumin ya sara masa, ya ce su dai katafila aka ce su raka, duk inda ta nufa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Motar hukuma, man hukuma, hatimin hukuma, an taru an rushe wa shugaban hukuma gini, shi kuma yana can bakin tasha yana duba agogo. Ya sunkuya ya ɗauki wani ƙamus da ya jiƙe, ya goge shi da hannun rigarsa, ya rasa inda zai ajiye, ya ci gaba da riƙewa.

Duk da haka bai karaya ba. A hanyarmu ta komawa ya ce min ranar Litinin zai kori shugaban sashen tsara gari, zai kuma yi hayar katafila daga wani wuri.

Litinin da safe, kafin ya iso, kakakin majalisa Ganiyu Alamu ya shigo ofishina. Alamu tsohon ɗan kamasho ne a tashar Ajeja kafin ya zama kansila. Ya zauna a gefen teburina, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce in ɗauko sanda da littafin zama, akwai zaman gaggawa. Na ce bari in sa a buɗe zaure. Ya ce ba a zaure za a yi ba, rufin zaure yana yoyo. Rufin kuwa sabo ne, watan jiya aka gama shi. Na tambaye shi ina za a zauna. Ya ce tasha.

Na ce masa sandar nan ba ta taɓa fita daga ginin nan ba tun da na kama aiki, kuma ba ni da ikon fitar da ita. Bai yi fushi ba. Murmushi ya yi, ya gyara hularsa.

“Oga akawu, kai fa mutumin kirki ne, kowa ya sani. Madam ɗinka ma haka. Kullum da safe motarmu take shiga zuwa makarantar da take koyarwa, direbobi har wurin zaman gaba suke ajiye mata. Tashi mu je, kada rana ta yi.”

Ban san lokacin da na ciro makullin ba. Na naɗe sandar a cikin tsohon labulen ofis, na rungume ta, muka fita ta ƙofar baya. Wata ƙaramar bas ta tasha ce ke jiranmu. Na zauna a baya da sandar majalisa a kan cinyata, ƙafata a kan buhun garin rogo da wani ya bari.

A rumfar Ajagbe an jera benci biyu da teburin mai shayi. Kansiloli goma cikin goma sha ɗaya suna nan, kowa da babbar riga. Mataimakin ciyaman yana tsaye a gefe da sababbin kaya, har da wani jami'in rantsuwa riƙe da jakarsa. An kashe injinan motoci, an kori masu talla. Ajagbe na zaune can gefe a kujerar roba yana ɓare lemo da 'yar wuƙa, kamar abin da ake yi bai shafe shi ba. Na kwance labulen na ɗora sandar a kan teburin, kusa da gwangwanin madara.

Sai na ɗaga kai na ga Iya Sariyu.

Tana zaune kusa da Ajagbe, a kujera mai hannu da aka ɗauko mata daga wani ofis, da baƙin mayafi, mata biyu a tsaye bayanta. Ƙasa da taku ashirin daga inda take zaune kankaren da ya kashe 'yarta yake. Alƙalamin ya faɗi daga hannuna. Na ɗauka ko tilasta ta aka yi, na duba fuskarta, ban ga alamar tsoro ba.

Alamu ya buɗe zama. Wani kansila ya tashi ya karanta tuhuma: Ciyaman ya ci hanyar gwamnati da gini, ya zubar da mutuncin hukuma, ya kuma yanke hukunci ba tare da shawarar majalisa ba. Wani ya goyi baya. Babu wanda ya ce a kira shi ya kare kansa. Da aka zo ɗaga hannu, shida suka ɗaga nan take, mutanen Ajagbe ke nan. Doka kuwa takwas take so. Sauran huɗun daga mazaɓun kasuwa suke, matan kasuwa ne suka kawo su. Suka zauna hannuwansu a cinya, duka huɗun suna kallon wuri ɗaya. Iya Sariyu ta gyara mayafinta, ta ɗan sunkuyar da kai sau ɗaya. Hannaye huɗu suka tashi.

Na duba agogo don in rubuta lokaci. Minti goma sha uku aka yi. Aka rantsar da mataimaki a wurin, ya gama rantsuwa ya wuce kai tsaye ya kwanta gaban Ajagbe, sannan gaban Iya. Ajagbe kuwa yana ta shan lemonsa. Da zan tafi ne ya miƙo min rabin lemo, na karɓa, don ban san yadda ake ƙi ba.

Da na koma sakatariya na tarar da motar Baba Tica a bakin ƙofa, maigadi ya ƙi buɗewa. Maigadin yana ta ba da haƙuri ta tsakanin ƙarafa, yana cewa umarni ne daga sama. Baba Tica ya ce masa shi ne sama. Na ja shi gefe na faɗa masa duk abin da ya faru. Ya ce ba zai yiwu ba, zaman da ba a zaure ba ai ba zama ba ne, kuma babu sanda. Na kasa kallonsa. Idonsa ya sauka kan labulen da ke hammatata, ya daɗe yana dubansa. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ciro waya ya kira shugabannin jam'iyya na jiha ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɗauka. Da na ambaci Iya Sariyu kuwa, sai ya dafa motar. Ya ce in sake tunani, wataƙila wata ce mai kama da ita. Shi fa saboda 'yarta yake wannan faɗan.

Ran nan da na koma gida matata ta kawo amala da miyar wake, na kasa ci. Ban faɗa mata abin da Alamu ya ce ba, har yau ma ba ta sani ba.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ajagbe ya nuna wa duniya cewa wanda ya ɗora shi ke saukewa, tasha na nan a kan rafi, sabon ciyaman ya soke umarnin rusau ranar da ya shiga ofis. Mutane suna ta zagin Iya Sariyu a ɓoye, wasu na cewa an saye ta, wasu na cewa baƙin ciki ya taɓa mata hankali.

Ranar da aka yi addu'ar arba'in ta Mojirade, da aka watse, Iya ta tara shugabannin layukan kasuwa a ɗakinta. Washegari garin ya tashi ya tarar da wani abu daban. Kasuwa a buɗe take, ana ciniki, amma babu kaya ko ƙulli ɗaya da ya shiga motar tashar Ajeja. Mata suka riƙa ɗaukar kayansu a ka har babban titi, suna tare motocin wata tasha. Masu kawo doya da tumatir daga ƙauye aka aika musu su sauke a wani wuri. Masu abincin da ke cikin tasha, su goma sha wani abu, duk suka kife tukwane suka tafi. Direba ya je kasuwa sayen ko da gishiri ne, sai a ce ya ƙare, alhali ga shi tuli a gabansa. Mafi yawan direbobin kuma matansu 'yan kasuwa ne, don haka abin ya bi su har gida. Babu zanga-zanga, babu kwali, babu wanda ya ɗaga murya. 'Yan sanda suka zo suka zagaya, suka rasa wanda za su kama.

Kwana na farko 'yan tasha dariya suka yi. Kwana na uku motoci sun yi layi babu lodi, an fara faɗa tsakanin direbobi da 'yan kamasho. A kwana na huɗu wata mata ta zo ofishina ta ce Iya tana kirana, in taho da taswirar da injiniyoyi suka zana wa Baba Tica. Ban tambayi yadda aka yi ta san taswirar tana hannuna ba.

Na same ta a tsakar gida tana tsince barkono a faranti. Na gaishe ta, ta nuna min benci. Ban daɗe da zama ba sai ga Alhaji Ajagbe ya shigo, shi kaɗai, ya bar mutanensa a waje. Mutumin da gwamnoni ke aiko wa gaisuwar salla, mai shekara sittin da wani abu, ya cire hula, ya tattare babbar rigarsa, ya kwanta a kan simintin gidan har haɓarsa ta taɓa ƙasa. Na miƙe tsaye ban sani ba. Iya ta bar shi a kwance har ta gama tsince abin da ke hannunta, sannan ta ce ya tashi.

Ya zauna ya fara magana a hankali. Ya ce shi bai san laifin da ya yi ba, ai tare suka zauna a rumfa, ya ɗauka sun zama ɗaya a kan maganar. Ya ce mutanensa suna da iyali, yunwa ta fara shiga gidaje.

“Wahabi,” in ji ta, “na san ka tun kana wanke motar mijina. Tica ya so ya kunyata ka a gaban 'yan jarida, na ba ka shi, ka fita kunya. Duk garin nan ya ga babu wanda ya isa ya tashe ka da takarda. To ka ci naka. Yanzu ka ba ni rafin.”

Ya ce motoci arba'in ke tsayawa a wurin, ina zai kai su. Ta ce filin da ke bayan layin masu katako na kasuwa ne, ta ba shi aro, ya fi wancan faɗi. Ta karɓi taswirar daga hannuna, ta shimfiɗa a ƙasa, ta ɗora ɗan dutse a kowace kusurwa. Ba ta iya karatu ba, amma ta sa yatsa daidai kan jan layin da injiniyoyi suka ja, ta ce daga nan zuwa nan, kada a rage ko taku ɗaya. Ajagbe ya daɗe yana kallon takardar. Daga ƙarshe ya ce ya ji. Ya sa hularsa ya fita.

Na koma na zauna. Da na ga babu kowa sai ni da ita, na yi ƙarfin hali na ce Iya, abin da kika sa shi ya yi yanzu, shi ne fa abin da Baba Tica ya so ya yi, layin ma nasa ne. Me ya sa kika bari aka wulaƙanta shi?

Ta ci gaba da tsince barkononta. Ta ce da katafila ta shiga tasha da 'yan sanda ran nan, da 'yan tasha sun fito da adduna da kwalaben fetur, kuma tsakanin tasha da rumfunan atamfa katangar langa-langa ce kawai. Ta ce ta taɓa ganin irin haka tana da goyon Mojirade, kwana biyu kasuwa na ci da wuta, hukumar da ta jawo faɗan kuma ko bokitin ruwa ba ta kawo ba. Ta ce mutum bakwai sun ishe ta.

Na ce to ai da ta aika masa, ta faɗa masa haka.

“Ya tambaye ni ne? Ya zo gidan nan da masu hoto, ya karanta min takarda a kan 'yata, ya tafi. Da ya zauna a bencin da kake zaune ya ce Iya, yaya za mu yi, da yanzu yana kan kujerarsa, rafin kuma a buɗe. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma ya ɗauka garin nan aji ne.”

Washegari masu abinci suka koma tasha. 'Yan tasha da kansu suka fito da guduma da diga, suka fasa kankaren da suka zuba, cikin kwana tara rafin ya buɗe daga wannan baki zuwa wancan. Babu umarni, babu hatimi, ko wasiƙa ɗaya ba ta bi ta teburina ba. Da aka gama, sabon ciyaman ya zo da makaɗa ya yanke ƙyalle, jaridu suka buga cewa hukuma ta cika alkawari.

Na je gidan Baba Tica bayan mako biyu, da ƙyar na iya shiga don kunya. Ya rame. Littattafan da suka tsira suna jere a baranda ana shanya su. Na ba shi labarin abin da na gani a gidan Iya, ban rage komai ba, har maganar da ta yi a kansa. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya tambaye ni faɗin da aka buɗe, na faɗa masa. Ya ce daidai ne, haka injiniyoyi suka ce. Ya ƙara da cewa ko da haka ne, abin da aka yi a rumfar nan haramun ne, kuma zai kai ƙara, ba don kujera ba. Ya ce zai sa sunana cikin shaidu, in na ga dama in zo.

Shari'ar ta ɗauki shekara biyu da wata bakwai. Ranar da aka kira ni na je, na tsaya gaban alƙali na faɗi yadda na naɗe sanda a labule, da bas ɗin da na shiga, da teburin mai shayi, da minti goma sha uku. Na yi tsammanin wani abu zai same ni ko matata. Babu abin da ya faru. Alamu ma da muka haɗu a matakalar kotu hannu ya ba ni, ya ce Alhaji yana gaishe ni. A lokacin babu wanda shari'ar ta dama. Kotu ta yanke cewa tsigewar ba ta halatta ba, Oladiti Fadeyi shi ne ciyaman na gaskiya, amma wa'adinsa ya ƙare wata bakwai kafin hukuncin, har an yi wani zaɓen.

Ya sayar da gidan Ibadan ya koma garinsu, can wajen Iseyin, inda na ji yana koyar da manya karatu a harabar coci. Ajagbe ya riƙe tasha har ya rasu. Iya Sariyu tana nan da ranta, ta tsufa ƙwarai, jikokinta ke kai ta rumfa. Damina shida aka yi tun daga lokacin, wasu ma sun fi ta waccan shekarar ƙarfi, ruwa bai sake shiga kasuwa ba.

Ni kuwa bayan shari'ar na nemi a canza min wurin aiki. Aka mai da ni ofishin rajistar aure, a ƙasan bene, kuma a nan na yi ritaya.